Gona Ɗaya Cikin Goma: Lissafin Irin Shuka

Jawabin Kwamitin Iri a taron cikar ƙungiya shekara 10, kamar yadda mai magana da yawun kwamitin ta gabatar da shi



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, Malamarmu, Malamin gona, mazajenmu da suka bar aiki suka zo, 'yan'uwa 'yan ƙungiya, da 'ya'yanmu da ke can baya suna jiran a raba alkaki, sannunku da zuwa. Barkanmu da ganin wannan rana, Allah ya maimaita mana.

An ce mu yi bayani a kan gonar iri. Mu biyar ne a kwamitin nan, kuma duk 'yan kasuwa ne: uku masu awo, biyu masu mai da ƙuli-ƙuli. Babu wadda ta karanta aikin gona a cikinmu. Abin da muka iya shi ne kwano da ciniki, sai ɗan lissafin da muka koya a ajin yaƙi da jahilci. To da su za mu yi magana. In mun kauce, ga Malamin gona nan, ya gyara mana.

Bari mu fara da abin da ya same mu shekara uku da suka wuce, don waɗanda suka shigo daga baya ba su san shi ba. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, kowa yana gaggawa. Muka ɗebi kuɗin asusu muka sayi gyaɗa buhu shida a kasuwa, muka raba wa 'yan ƙungiya bashi su shuka. A ido ba ta da laifi: ja, manya-manya, babu ƙwaro. Mai ita ya rantse sabuwa ce. Ba za mu kama suna ba, don wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Kwana goma bayan shuka sai ga yara ana aiko mana, wai mu zo mu gani. Gona ta fito kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, giɓi can. Iyayenmu ku yi haƙuri, misali ne.

Wadda ta tsira ɗin ma ashe ba iri ɗaya ba ce. Wata ta nuna a kwana 90, wata kuwa tana neman wata huɗu. In kika jira ta baya, ta farkon ta fara tsiro a cikin ƙasa. In kika cire da wuri, ta bayan ta fito ruwa-ruwa, ba mai, ba auki. Mata goma sha ɗaya ba su iya biyan bashin nan ba sai da shekara ta zagayo. Akwai wadda ta sayar da akuyar da take kiwo don hidimar auren 'yarta. Tana nan zaune, ta san kanta, kuma ita ce ta ce mu faɗa.

Amma kafin mu ga laifin wani, mu dubi kanmu. Mu da muke zaune a rumfa, da zarar hadari ya fara haɗuwa, mutum zai zo ya damƙi gyaɗa ko wake ya ce, "Hajiya, wannan zai yi iri?" Me muke ce masa? "Ƙwarai kuwa, ɗauki." Alhali ba mu san gonar da ya fito ba, ba mu san ko na bana ne ko na bara ba, ba mu san kwana nawa ya yi yana shan rana a bayan mota kafin ya iso Dawanau ba. Kuɗinsa kawai muka sani. Wallahi abin da aka yi mana, mu ma mun yi wa wasu ba da niyya ba. Wannan shi ya tsaya mana a rai har muka nemi a kafa kwamitin nan.

Kakanninmu ba sa haɗa iri da abinci. Tun gero yana tsaye a gona, mai gida zai zagaya ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daminta daban, a rataye shi a ƙololuwar rumbu. Ko yunwa ta kai ina, ba a sussuka shi. Waken iri kuwa a tulu ake zuba shi da toka, a liƙe baki. Yau gonar gandu ta rabu kashi-kashi wurin gado, abin da ake girbewa ba ya kai mutane damina, sai a cinye har da irin, in ruwa ya sauka a ruga kasuwa. Ba rashin hankali ba ne, rashin fili ne da yawan baki. Shi ya sa da muka kawo maganar ware gona don iri kawai, tambayar farko da aka yi mana ita ce: "Ina filin yake? Gonar da ba ta ishe mu tuwo ba, ita za mu yanka?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ba a amsa ta da fatar baki. Sai muka ɗauki biro da littafi muka je wurin Malamin gona, muka ce ya faɗa mana abu biyu a kan kowane amfanin gona: nawa ake shukawa, nawa ake girbewa. Shi da kilo yake magana, mu muka mayar da shi kwano. Kun san buhu kwano 40 ne, kwano kuma wajen kilo biyu da rabi. Hekta kuwa fili ne mai mita 100 kowane gefe, kusan eka biyu da rabi. Ku samari, ku ɗauka filin ƙwallo ɗaya da kusan rabinsa. Ga abin da ya fito, mun rubuta shi a allon can:

Gero: kwano 2 yana shuka hekta guda.
Dawa: kwano 4.
Masara: kwano 8.
Wake: kwano 10.
Gyaɗa, tsabarta ɓararriya: kwano 32, wani lokaci har buhu cur.

Kun ji bambanci ko? Yanzu sai mu juya lissafin. Mu ce hekta ɗaya ta gonar iri, an kula da ita, an tsince, an fitar da na banza, ta ba mu buhu 8, wato kwano 320. In gero ne, raba 320 gida biyu-biyu, ya shuka hekta 160. In wake ne, ya shuka hekta 32. In gyaɗa ce, hekta 10 kacal. Masara ta fi su auki, hekta ɗaya tana iya ba da buhu 20, wato kwano 800, ya shuka hekta 100. Dawa ma kusan haka take, ɗaya ga ɗari.

Ranar da muka yi rabawar nan a kan tabarma, sau uku muka maimaita, muna zaton mun yi kuskure. Malama ta duba ta ce daidai ne. Ma'anarsa, in gari guda yana noma gero hekta 100, ɗan filin da ya haura rabin hekta kaɗan ya ishe shi iri. Amma in gyaɗa ce hekta 100, sai an ware hekta 10. Gona ɗaya cikin goma, aikinta kawai ta haifi irin baɗi. Saboda haka in wani ya tambaye ku, noman iri yana cin fili da yawa? Ku ce masa, wane iri? Na gero ba ya cin komai. Na gyaɗa yana ci, kuma gyaɗa ita ce tamu. Ita muke soyawa, ita muke matsewa, da ita muke biyan kuɗin makaranta da adashi.

A nan ne muka gane dalilin da ya sa in kika shiga shagon masu sayar da iri za ki tarar da masara a ƙananan ledoji reras, amma irin gyaɗa sai kin sha yawo. Ku duba shi da idon ɗan kasuwa. Irin masara na hekta guda yaro zai ɗauko shi a kai. Na gyaɗa sai an kira mai kura. Yana cin wurin ajiya, yana cin kuɗin mota, ga shi mai ne a cikinsa, in zafi ya buge shi ƙarfin tsironsa yana raguwa da sauri. Sannan wanda ya saya bana ba lallai ya dawo baɗi ba, zai ajiye daga nasa. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa a nan? Ba ƙeta ba ce, lissafi ne. To in haka ne, irin gyaɗa mai kyau ba zai zo ya same mu a rumfa ba. In ba mu noma shi ba, haka za mu ci gaba da sayen sa'a a buhu.

Iyayenmu da ke nan sun ga dalar gyaɗa a Kano da idonsu, mu labari muka ji. Sun kuma ba mu labarin 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta shiga gonakin Arewa, gyaɗa ta ƙanƙance ta yi rawaya ta ƙi 'ya'ya. Ƙwarin darɓa ne suke ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan. Mutane da yawa sun rasa amfanin shekarar, suka rasa irin da za su shuka a gaba, wasu daga nan suka bar gyaɗa suka koma wake da dawa. Masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun daɗe suna aiki a kan irin da zai jure wa cutar. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da "SAM", daga can ya fito: SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa. Wadda muka gwada ita ce SAMNUT 24, an fitar da ita a 2011. Tana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, tana jure kuturta, kuma masu matsa a cikinmu sun shaida tana da mai.

To amma ku tambayi kanku: irin da aka fitar tun 2011, me ya hana shi isowa gayaunar kowa tuntuni? Amsar tana cikin lissafin ɗaya cikin goman nan. Iri hawa-hawa yake saukowa, kamar matakala. Akwai na hannun masana, ɗan kaɗan ne. Shi ake shukawa a samu irin tushe. Irin tushe ake shukawa a samu iri mai shaida, wanda manomi zai saya. Kafin a shuka hekta 100 ta gyaɗa, sai an yi hekta 10 ta iri mai shaida. Kafin a yi goman nan, sai an yi hekta 1 ta irin tushe. Kafin ɗayan nan, sai masana sun yi kashi ɗaya cikin goma na hekta. Damina uku kenan, in ba a haɗa da noman rani ba. Shi ya sa masu halin ban ruwa, irin na wajen Kadawa, suke iya ninka iri sau biyu a shekara. Gero kuwa taki ɗaya yake yi ya cika ƙaramar hukuma. Gyaɗa a hankali take tafiya, kuma kowane hawa sai an samu wanda ya yarda ya ba da gonarsa.

Kada kuma ku ce, to tunda gero da masara ba sa cin fili, mu koma noman irinsu mana. Mu ma haka muka ce, Malamin gona ya yi dariya. Su nasu cin filin a ɓoye yake. Furen gyaɗa da na wake kansa yake aura, ba ya jiran baƙo. Masara da gero kuwa iska ce take ɗaura musu aure. Ƙurar furen gonar maƙwabci za ta taso ta sauka a taki, ki shuka fara ki girbe ta da ɗigon rawaya. Don haka gonar irin masara tana buƙatar tazarar mita 200 ko fiye daga kowace irin masara dabam, ta kowane gefe. Ya haura taku 250 na babban mutum. Muka zana shi a takarda: hekta ɗaya a tsakiya, da'irar mita 200 ta kewaye ta. Sai ga fili ya kai hekta 20 da ba za a shuka wata masara a cikinsa ba. Ana iya noma wake ko gyaɗa a wurin, ba a ce a bar shi fayau ba, amma fa sai maƙwabta sun yarda. A garin nan da gona take manne da gona, wa za ki je ki ce wa kada ya shuka masara a gonar ubansa?

Ita kuma masara mai aure, wadda kamfanoni suke sayarwa, nata aikin ya fi haka. Layi-layi ake shuka ta, akan yi uku na mace, ɗaya na namiji. A bi layukan macen kullum ana cire furen kansu kafin ya buɗe, don na namijin kaɗai ya sauka a gemunsu. In an zo girbi, layin namiji ba ya shiga buhun iri. Kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ya tafi kenan. Shi ya sa take da tsada, kuma shi ya sa ake cewa kada a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa, don ba sa gadon uwarsu. Wannan ba aikinmu ba ne, mu bar wa masu shi. Gyaɗa kuwa 'yar tazarar mita uku zuwa biyar ta ishe ta, don dai kada a gauraya wurin cira. Wake ma ba ya neman mai yawa. Kun ga abin ya zo daidai: wanda ya yi wa kamfani nauyi, shi ne ya yi mana sauƙi.

Da muka fahimci haka, sai muka zagaya gida-gida muka tambayi 'yan ƙungiya abin da suke shukawa, su da iyalansu. Mun gode wa waɗanda suka ba mu ruwa, da waɗanda suka ɗauka haraji muka zo karɓa. Da muka tara, gyaɗa ta kama wajen hekta 20, wake wajen hekta 16. Gyaɗa hekta 20 tana son kwano 640, buhu 16 kenan, wato gonar iri hekta 2. Wake hekta 16 yana son kwano 160, buhu 4, wato rabin hekta. Jimla hekta biyu da rabi, su ciyar da hekta 36 da iri. Geron gidajenmu duka bai wuce buhu ɗaya da rabi na iri ba, wannan sayensa za mu yi daga inda aka tabbatar da shi, ko a zaɓi zangarniya kamar yadda kakanni suka yi.

Ba a takarda kawai muka tsaya ba. Daminar da ta wuce, da izinin ƙungiya, muka karɓi hayar hekta ɗaya. Malamin gona ya taimaka muka samo irin tushe. Ga abin da muka gani, mai daɗi da marar daɗi.

Aikin ya fi na gonar ci yawa. Sau uku muka shiga muna tsige baƙin tushe: duk wanda ganyensa ya bambanta, ko ya yi fure ba tare da 'yan'uwansa ba, ko ya nuna alamar cuta. Ranar farko wata daga cikinmu ta kusa kuka, ta ce ga gyaɗa lafiyayya da 'ya'ya a gindi, mu tumɓuke ta? Muka ce mata, Yaya, ai ke kika saba faɗa mana wake ɗaya ke ɓata gari. A watan Agusta ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha biyu, daidai lokacin da take sa 'ya'ya. Saboda haka ba mu samu buhu 8 ɗin lissafi ba. Da aka ƙiyasta tsabar bayan tsinta, buhu 7 ne. Mun faɗa muku gaskiya don kada wata ta ɗauka allo shi ne gona.

Amma gonar iri ba ta zubar da komai. Harawar mun sayar wa masu kiwo, ta biya kusan rabin kuɗin haya. Ƙanana da fasassu da aka tsince, lafiyayyu, sun tafi wurin masu mai da ƙuli-ƙuli. Waɗanda suka yi fumfuna ko suka yi baƙi kuwa mun binne su, ba a matsa ba, ba a ba kaji ba, don irin wannan fumfuna guba ce ga hanta. Irin da kansa yana cikin ɓawonsa a ɗakin ajiya, a kan katako, ba ya taɓa ƙasa ko bango. Ba za a ɓare shi ba sai saura mako ɗaya ko biyu a shuka, kuma da hannu, don inji yana fasa shi. Makon jiya muka ɗebi ƙwaya 100 muka gwada. 91 suka tsira. Buhu bakwai ɗin nan zai shuka kusan hekta 9 cikin 20 ɗinmu. Saura 11, su ne har yanzu za su je kasuwa su sayi sa'a.

Wannan ya kawo mu ga abin da muka zo roƙo. A taron wata mai zuwa za a yi ƙuri'a a kan rarar kuɗin asusu. Wasu 'yan'uwanmu suna son a sayi injin matsar mai. Ba mu ga laifinsu ba, biyu daga cikin kwamitin nan kafaɗunsu sun san muciya da turmi. Wasu suna son a raba kuɗin kowa ta ja jari. Su ma suna da hujja, kaya sun yi tsada. Mu kuma muna roƙon a ƙara hekta ɗaya da rabi a kan wadda muke haya, a cike biyu da rabi, a sayi sabon irin tushe na gyaɗa da na wake. Dalilinmu guda ne: inji abin da gona ta bayar yake matsewa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba za mu ɓoye muku haɗarin ba. Na farko, fari ko ambaliya ba sa tambayar ko gonar iri ce. Na biyu, kuɗin zai kwanta. Abin da aka girbe a Oktoba ba za a taɓa shi ba sai Yuni, wata takwas yana kallonmu muna kallonsa. A tsakani akwai biki, akwai rashin lafiya, akwai ranar da gyaɗa za ta yi tsada a kasuwa shaiɗan ya ce a fitar da buhu biyu. Shi ya sa muka ba da shawara makulli ya zama uku: ɗaya wurin Hajiya Shugaba, ɗaya wurin Ma'aji, ɗaya wurin kwamiti, ba a buɗewa sai an haɗu. Na uku, iri yana tsufa. Bayan damina uku ko makamancin haka sai mun koma mun sabunta daga tushe, in ba haka ba gauraye zai dawo a hankali. Na huɗu, akwai doka. Tun 2019 aka yi sabuwar dokar iri, kuma Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, wadda ake kira NASC, ita take duba gona ta ba da shaida. Raba iri tsakaninmu daban, ɗinke buhu a kai kasuwa da sunan iri mai shaida daban. In muna son mu kai can, sai mun yi rajista an zo an duba gonarmu tun tana tsaye. Muna fata, amma ba bana ba.

Yanzu ga mazajenmu da yayyenmu maza. Mun san gona a hannunku take, har da ta wasu daga cikinmu da suka gada aka bar muku riƙo. Ba mun zo ƙwace ba. Haya muke nema, ko aro, a biya da kuɗi ko da iri, yadda aka daidaita a gaban Mai unguwa. Amma don Allah kada a nuna mana gonar da kowa ya gaji da ita. Muna son jigawa mai ɗan yashi, wadda ruwa ba ya kwanciya, wadda ba a shuka gyaɗa a cikinta bara ba, don gyauro zai fito ya ɓata mana iri. Muna son ta kusa da hanya, inda ido zai riƙa kai wa, kuma dabbobi ba sa ratsawa. Wanda ya ba da rabin hekta, ya tuna irin hekta biyar ya bayar, kuma wataƙila tasa tana ciki. Mutum uku masu rabi-rabi sun ishe mu.

Ko ƙuri'a ta faɗa ina, akwai abu uku da kowace mace za ta iya yi a gidanta ba tare da ta kashe ko sisi ba.

Na ɗaya, gwaji. Kafin ki shuka kowane iri, saya kika yi ko ajiya, ƙirga ƙwaya 100 ba zaɓe. Jera su a jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara, ki naɗe, ki ajiye a inuwa, kina yayyafa ruwa. Bayan mako guda ki buɗe ki ƙirga. In 80 ko fiye sun tsira, bismillah. In sun tsaya wajen 60 ko 70, sai kin ƙara yawan abin da za ki zuba. In ba su kai haka ba, ki kai shi tukunya, ki nemi wani. Da mun yi wannan shekara uku da suka wuce, da akuyar nan tana nan. Ku sa yara 'yan makaranta su yi ƙirgar, suna jin daɗinsa.

Na biyu, ajiya. Waken iri ya bushe sosai, har in kika ciza ya ce ƙas. Sannan a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, na PICS, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, kuma ba sai an sa magani ba. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na alale.

Na uku, mu masu rumfa. Duk irin da kuka gani an rina shi ja ko wani launi, magani ne a jikinsa, na shuka ne kawai. Ba a ci, ba a ba dabba, ko an wanke. In ya ragu bayan shuka, kada ya shiga kwanon awo. Sannan in an tambaye mu, "Wannan zai yi iri?" mu ce, "Na ci ne, ban san asalinsa ba, ka gwada kafin ka shuka." Wataƙila ciniki ɗaya ya wuce mu. Mu biyar mun fara tun bara, kuma ba mu ga kasuwa ta gudu ba. Wasu ma dawowa suke yi suna tambayar yaushe namu zai fito.

Littafin lissafin yana wurin Magatakarda, da sunan kowa da girman gonarta kamar yadda ta faɗa mana. Duk wadda take ganin mun rubuta mata ba daidai ba, ta zo a gyara kafin ranar ƙuri'a. Wadda kuma take son ganin gwajin da idonta, ga faranti nan a bakin ƙofa, tsiro 91 da ƙwaya 9 da suka ƙi. Ku ƙirga da kanku, kada ku yarda da bakinmu.

Muna godiya ga Malamarmu da ta jure mana har muka iya rabawa, da Malamin gona da bai taɓa gajiya da tambayoyinmu ba, da matan da suka shiga rana suna tsige baƙin tushe ba a biya su ba. Wadda muka ɓata wa rai a cikin maganar nan ta yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da fari da ƙwari, ya kai mu baɗi da rai da lafiya.